Ranar da Rafi Ya Kwashe Albasar Arzika

Kafin bazarar da rafi ya kwashe masa albasa, Arzika mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Bangon gidanka ya faɗi, kafin ka gama salati yana ƙofar gida da shebur a kafaɗa. Jakinka ya zurma rijiya, shi za a ɗaura wa igiya a ƙugu. Aka yi rasuwa, shi ne can cikin kabari yana miƙo ƙasa, 'yan'uwan mamaci suna inuwa suna gyara zaman hula. Mutanen garin suna cewa Arzika mutumin kirki ne. Ƙarya suke yi. Ba kirkinsa suke so ba, ƙarfinsa suke so, kuma sun same shi a ɓagas: ƙwaryar fura da "Allah shi yi albarka."

Ƙauyensu yana can gefe idan ka baro Aliero ka nufi Jiga Birni, irin ƙauyen da mota ba ta tsayawa sai taya ta fashe. Albasa ce rayuwarsu. Da ita ake aure, da ita ake suna, da ita ake zuwa asibiti. Uban Arzika ya rasu tun gemun ɗan bai fito ba, ya bar masa fadama, da mahaifiyarsa Iyatu, da ƙanne mata waɗanda ya yi ta aurarwa ɗaya bayan ɗaya har bayansa ya fara ƙara idan ya sunkuya. Sau ɗaya ya taɓa bin motar albasa zuwa kudu, ya dawo ya ce mutanen can ba su san gaisuwa ba, bai sake komawa ba. Ya auri Talatu, mace mai ɗan jiki da babban harshe, suka haifi Salma da ƙannenta. Shi ke nan tarihin. Ba Makka, ba siyasa, ba ko rigima da maƙwabci a kan iyakar gona.

A shekarar da ake magana, Allah ya ba shi albasa irin wadda bai taɓa gani ba, ja, mai tauri, kowace kamar dunƙulen hannu. Lokacin cira kuwa albasa ba ta da daraja, kowa ya kai kasuwa, dillalai suna taka ta da takalmi. Mai hankali ajiyewa yake yi a rudu har damina ta zauna. Rudu ɗakin albasa ne: a kafa itatuwa, a yi gado sama da ƙasa, a kewaye da karan dawa, a rufe da ciyawa, iska na ratsawa ta ko'ina. Arzika ya cika rudu uku maƙil. A cikinsu hatsin gidansa yake, da takin shekara, da kwanon da ya yi wa Iyatu alkawarin rufa wa ɗakinta, don duk damina sai ta kwana da tasa a gefen gado.

Amma albasa ba a rufe ta a manta. Idan zafin bazara ya tsananta sai an buɗe rudu, a baje ta, a tsince waɗanda suka fara laushi kafin su ɓata na kusa da su, sannan a mayar. A garinsu da gayya ake yin wannan aikin, yau na wane, gobe na wane. Mai rabon ranaku kuwa Tukur ne, ɗan ƙanwar uban Arzika, wato taubashinsa. Tukur mutum ne mai tumbi da waya a kunne. Tunda aka haife shi ba a taɓa ganin buhu a kansa ba. Aikinsa a gayya nuni da yatsa, sai kuma ɗanɗana miya a ji ko gishiri ya ji. Da yake taubashi ne, duk abin da ya ga dama sai ya yaɓa wa Arzika a gaban mutane, shi kuma dole ya yi dariya, don wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin dariyar gari.

Aka fara da rudun alhazawa. Aka koma na surukan Tukur. Aka yi na liman, aka yi na mai shayi, har da na wani da ya tafi ci-rani ya bar sallahu ta waya. A kowanne Arzika ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi.

Wata la'asar Talatu ta tsaya a tsakar gida ta kalli gabas, ta ce, "Baban Salma, hadarin ga hwa kullum sai ya leƙo. Kai sai yaushe? Ko sai an yi na aljannu?"

Ya je ya sami Tukur. Tukur ya rufe waya da tafin hannu, ya ce, "Taubashi, kai da gaugawa! Albasar taka ƙahwa gare ta? Ina za ta? Wanga hadari na burga na, ruwa sai nan da wata. Kai na gida na, na gida shi ka yin ƙarshe."

Mutane suka yi dariya. Arzika ma ya yi.

Ranarsa ta zo da wani irin zafi mara iska, ganye ko motsi. Talatu ta dama fura cike da bahon roba, aka yanka bunsuru, tuwo yana kan wuta. Mazan gari suka zo, suka sha fura har suna shafa ciki. Tukur ya ɗaga yatsa ya ce a buɗe rudun duka uku.

Arzika ya ce, "Da dai an bi su ɗai-ɗai."

"Ɗai-ɗai aikin mutum guda na. Kai ba ka ga hannuwa ba? Kahin azahar mun rufe."

Haka ake yi wa kowa, kuma da hannun Arzika aka yi wa kowa haka, saboda haka ya ƙyale su. Aka yaye ciyawa aka watsar gefe. Aka yi ta jidar albasa da kwanduna zuwa cikin busasshen rafin da ke bayan gari, ƙarƙashin itatuwan gawo. Nan kowa ke bajewa, don yashin yana da tsabta, inuwar tana da sanyi, rafin kuma ba ya kawo ruwa sai damina ta yi nisa. Kafin hantsi ya ɗaga sosai, noman Arzika na shekara guda yana kwance a kan yashi, ja wur, tun daga gindin gawo har inda rafin ya karya kwana.

Sai wayar Tukur ta yi ƙara. Ya saurara, idonsa ya fito, ya ce, "Jama'a! Taki! Wani mai neman kujera na rabon taki Jega, kyauta. Ga mota can bakin hanya. Kowa shi zo da buhunai."

Ba wanda ya zo da buhu. Amma akwai tarin buhunan da Arzika ya kawo don zuba wadda aka tsince. Kafin ya buɗe baki, manya masu furfura suna kokawa a kansu. Liman ma ya naɗe biyu ya cusa a hammata.

Arzika ya riƙo hannun rigar Tukur. "Albasata hwa? Ku bar ta haka a ƙasa?"

"Haba taubashi! Jega na hwa, ba Makka ba. Yanzu mu dawo. Kai tsaya ka yi mata gadi, kada ta gudu. Har naka kason ni amso maka."

Cikin ƙiftawar ido rafi ya koma ba kowa, sai kwanduna a kife da takalmin wani guda ɗaya.

Arzika ya zauna ya fara tsinta shi kaɗai. Azahar ta yi, ba su dawo ba. Tuwo ya huce. Da ya ɗaga kai ya kalli gabas, sai ya ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun daga ƙasa, ba irin mai leƙen nan ba. Ya ƙwala wa Talatu kira. Ta fito da gudu, Iyatu na biye da ita da sanda da ƙwarya. Suka fara jida, shi da kwando biyu, Talatu da ɗaya, tsohuwa da abin da ƙwarya ta iya ɗauka. Abin da maza cike da mota suka sauke, shi mutum uku za su mayar, ɗayansu ma ba ta gani sosai.

Iska ta fara zuwa, ta ɗauke ciyawar rufin rudu ta yi sama da ita kamar ana shiƙa. Sannan ƙanƙara, manya-manya kamar ƙwan zabo, tana dukan albasa tana dukan ƙeya. Zafin da aka wuni ana kuka da shi ya ɓace lokaci guda, wani sanyi ya sauko wanda ya sa haƙoran Iyatu suka fara haɗuwa. Arzika ya ce ta koma gida. Ta ƙi. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce, "Kai wanga, ɗauki kwandonka, ka bar ni da ƙwaryata."

Ruwa ya kece. Ba yayyafi, ba gargaɗi. Suna cikin rafin, yashi ya fara tsotsar ƙafa, sai suka ji wani ruri daga sama kamar tirela ta ƙwace. Talatu ce ta fara ganewa. Ta yar da kwando, ta fizgo tsohuwa, ta yi wa mijinta ihu. Shi kuwa yana durƙushe yana tara albasa da hannu biyu kamar mai tara 'yan tsaki. Sai da ta dawo ta shaƙo wuyan rigarsa tana cewa, "Marayu kaka so ka bar min? Tashi!" Suna hawa gaɓa ruwan ya iso, ja, da kumfa, ɗauke da kara da ledoji da reshen itace. Ya bi ta kan albasar Arzika ya wuce. Arzika ya tsaya yana kallon jajayen kawuna suna tsalle a kan ruwa, suna karya kwana ɗaya bayan ɗaya. Bai yi kuka ba, bai yi salati da ƙarfi ba. Hannunsa dai yana riƙe da albasa guda, ya matse ta har ruwanta ya bi masa yatsu.

Abin da suka tsirar bai cika rabin rudu ba, shi ma ya sha ruwa, don rudun ba rufi.

Washegari Talatu ta dawo daga rijiya da sauran labarin, tana ba shi tana huci. Ashe da 'yan gayya suka isa Jega an ce rabon ya koma Maiyama. Suka bi. A Maiyama aka shanya su a rana, aka yi musu jawabi, aka ba kowa riga mai hoton mutumin, aka ce taki yana hanya. Ruwa ya yi musu dukan tsiya a bayan buɗaɗɗiyar mota. Da suka iso kwalbatin da ke ƙasan gari, ruwa ya hau titi, suka jira ya janye. Yana janyewa sai ga albasa jibge a bakin kwalbati, cikin ciyawa, cikin laka, ko'ina. Ga su da buhuna ba komai ciki.

"Sunka cika su, Baban Salma. Da buhunanka! Kowane gida yau albasa aka soyawa. Matar mai shayi har tana ce min wai arzikin ruwa na, Allah ya kawo."

Ya ce, "Ba su san tawa ta ba?"

"Ta wa za ta zama? Ta kwaɗi?"

Da rana ta fito, da an ceci wani abu. Albasar da ta jiƙe rana take so. Amma rana ta ƙi fitowa. Gari ya lulluɓe da gajimare, iska mai sanyi tana kaɗawa, a watan da aka saba kwana a waje ana fifita da murfin kwano. Aka shiga tonon barguna daga ƙasan akwati. Tsofaffi suna jin wuta da hantsi suna rantsuwa ba su taɓa ganin irin wannan ba, awaki sun cusa kai cikin madafa. Arzika ya baje abin da ya rage a zaure, a ɗakin Talatu, har ƙarƙashin gadon Iyatu. Kullum ya juya su, kullum ya fitar da masu laushi, kullum tulin masu laushin ya fi na jiya. Ya ɗauki buhu biyu mafi dama-dama ya kai kasuwar Jega. Dillali ya danna babban yatsa a wuyan guda, ruwa ya fito, ya ce, "Malam, wannan ai miya ce ka kawo, saura gishiri." Ya dawo da su. Gidan ya fara wari, warin da ke shiga tuwo, ya shiga tufafi, ya bi mutum masallaci.

A cikin wannan hali aka yi sallama. Tukur ne da 'yan gayya, sun zo jaje. Saboda sanyi kowa ya ɗora rigar nan mai hoto a kan tufafinsa, sai ka ce mutum guda ne ya shigo zauren sau goma yana murmushi. Biyu daga cikinsu suna riƙe da buhu, suka dire.

Tukur ya gyara murya. "Taubashi, ƙaddara ta riga. Mun ji zahin abin ga ƙwarai. Shi na munka ce kowa shi kawo abin da ya samu, ga gudummawa, ka rage hasara."

Arzika ya kwance bakin buhun. Albasa ce jiƙaƙƙiya, da yashin rafi a jikinta, rabi ta ruɓe. Wato sun ci mai kyau, sun kawo masa wadda ta fara damun matansu da wari.

Ya ce, "Tukur, wagga ta wa ta?"

"Ta jama'a ta."

"Jama'a ina sunka noma ta? Bisa kwalbati?"

Wani ya yi tari. Tukur ya yi dariyar da ya saba, ya kai hannu zai dafa kafaɗarsa. "Kai taubashi, ba ka san wasa ba? To ai gara mu da munka tsince ta, da ta wuce gulbi kihi shi ci. Ka gode mana ma."

Arzika ya buge hannun.

"Kada ka sake ce min taubashi. Wa ad da rudu cikinku da ban sa hannu ba? Kai liman, wa ya hau maka rudu ranar da kunama ta harbe ni, na sauko na ɗaure ƙahwa na koma? Kai mai shayi, da hannun wa anka rufe naka? Kun sha hurata, kun yaye min rudu, kun zubar min da shekara guda cikin rahi, kun kwashe buhunana kun bi taki. Ina takin? Ku nuna min takin! Riga kunka samo. Tsohuwa mai sanda ta yi jidar albasa cikin ƙanƙara, ku kuna Maiyama kuna tahi da hannu. Sannan ku tsince min dukiya bisa hanya, ku soya, ku yi gyatsa, ku kawo min ruɓaɓɓa ku ce in gode?"

Liman ya ce, "Haƙuri, Malam Arzika, ruwa na Allah na."

"Ruwa na Allah na, Malam. Buhu biyun da ka cusa a hammata hwa, su ma shi ya aiko ka?"

Daga bayan zana Talatu ta ce, "Tambaye shi dai!" Iyatu kuma tana cewa, "Kai wanga, bari, jininka na." 'Yan gayya suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsaya neman takalminsa daidai. Tukur ne kawai ya juyo daga waje ya ce gobe Arzika zai huce.

Da gari ya waye Arzika ya ɗora wa jakinsa mangala. Ya kwashe ruɓaɓɓiyar albasar zaure, da ta ɗaki, da ta ƙarƙashin gado, da buhun gudummawa, ya yi ta sawu yana juyewa a kan dakalin ƙofar gidan Tukur, inda 'yan gayya ke zaman hira. Tulin ya kai gwiwa, ruwansa baƙi yana gangarawa cikin zaure. A ranar kuma rana ta ga damar fitowa, da zafinta na bazara gaba ɗaya. Kafin la'asar ƙudajen ƙasar Aliero duk sun samu labari. Matan gidan suka kwashe yara suka koma maƙwabta, Tukur yana amsa waya da hanci a toshe.

Aka kai ƙara wurin mai gari. Mai gari, wanda shi ma an ga hayaƙin suya ya tashi a gidansa, ya yi dogon bayani a kan zumunci. Ya ce abin da ruwa ya ɗauka ba shi da mai shi. Ya ce ba a taɓa jin wanda ya kai taubashinsa ga haka ba, abin kunya ne ga dangi. Ya yanke cewa Arzika ya ba Tukur haƙuri, kuma ya kwashe ƙazantar kafin magariba.

Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, aikin ya yi wa mutum guda yawa. A kira gayya."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Ba a kira gayya ba, shi kuma bai kwashe ba. Sai da Tukur ya ɗauki shebur da kansa, mutane suka taru nesa suna kallo, don ba su taɓa gani ba.

Wannan bai dawo da albasa ko guda ba. A daminar nan Arzika bai sa taki a gonarsa ba, geron ya fito siriri kamar tsintsiya. Ɗakin Iyatu bai samu kwano ba. Da albasa ta yi tsada, alhazawa suka buɗe rudunsu da ya taya su rufewa, manyan motoci suka yi layi a Aliero. Shi ma yana wurin, amma a ƙarƙashin buhu, yana hawa katako yana loda albasar wasu don ya kai hatsi gida. Mutum mai fadamar kansa, da furfura a gemu, yaran mota suna ce masa, "Baba, yi sauri."

Yanzu rudu ɗaya yake yi, a cikin gida, kan tudu. Shi da Talatu suke buɗewa, kwando-kwando, idan sun gaji su rufe. Ya fita daga gayya. Kabari kawai yake zuwa haƙa, ya ce mamaci bai yi masa komai ba. A gari an daina cewa mutumin kirki ne, yanzu cewa ake yi Arzika ya cika riƙo. Bara bangon mai shayi ya faɗi, aka aiko a gaya masa. Yana zaune yana gyaran igiyar jaki, ya ce a ce yana yi masa jaje, ya ci gaba da abin da yake yi.